Kafin a yi tayin zanen gonar Amurka a gwanjo, a fara juya bayansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani kaya da yanzu yake yawo a wayoyin mutanenmu, wato zanen gonakin Amurka na fentin mai, irin wanda gidajen gwanjo na New York da Filadelfiya da Dallas suke baje wa a shafukansu na intanet. Za ka ga jan ɗakin ajiyar ciyawa, da katangar duwatsu, da itatuwan tuffa sun yi fure, ko fili ya sha dusar ƙanƙara inuwa ta kwanta a kai shuɗiya. A ƙasa an rubuta dala 3,000 zuwa 5,000. Tun da aka sayar da zanen Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu a gidan gwanjo na Bonhams na Landan a watan Fabrairun 2018 a kan fam miliyan 1.2, bayan an ƙiyasta shi fam 200,000 zuwa 300,000, mutane da yawa suka ɗauka duk tsohon zane taska ce a ɓoye. Zanen gona kuma yana da wani farin jinin na daban, domin wanda ba ya son rataye surar mai rai a ɗakinsa yakan sami wanda babu komai a ciki sai ƙasa da sama da itatuwa. Abin da muke so mu faɗa shi ne, fuskar zanen ita ce ke jawo mai saye, amma shaidar da za ta hana shi asara tana bayansa da kuma cikin kalmomin da gidan gwanjo ya zaɓa wajen bayyana shi.

Bari mu fara da asalin kayan. Salon da ake kira Imfireshanizim ya bayyana ne a birnin Paris, inda su Claude Monet suka yi baje kolinsu na farko a 1874. Manufarsa kama haske yadda ido ya gan shi a wannan sa'a: mai zane ya fita waje da kayansa, ya riƙa ɗora launi kusa da launi da gajerun shafe-shafen burushi ba tare da ya lailaye su ba, inuwa kuma ya yi ta da shuɗi ko ruwan makuba a maimakon baƙi. Abin da ya sauƙaƙa fita wajen shi ne bututun fenti na ƙarfe mai matsuwa, wanda wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya yi wa rajista a 1841. Dillalin Faransa Paul Durand-Ruel ya kai zane-zanen salon New York a 1886, daga nan Amurkawa suka karɓa. Theodore Robinson ya zauna a ƙauyen Giverny kusa da Monet. J. Alden Weir, wanda ya ga baje kolin 1877 a Paris ya rubuta wa iyayensa cewa bai taɓa ganin abu mai muni kamarsa ba, shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin salon a ƙasarsu. A 1882 ya sami gona mai eka 153 a Branchville ta jihar Connecticut, ya biya da zane guda da dala 10, kuma a wannan gona shi da abokansa John Twachtman da Childe Hassam suka yi ta zane shekara da shekaru. Yau gonar wurin tarihi ce a hannun gwamnatin tarayyar Amurka.

Dalilin yawan gonaki a wannan salo ba ɓoyayye ba ne. Manoman arewa maso gabashin Amurka suna barin ƙasarsu mai duwatsu suna komawa yamma ko masana'antu, gonaki suka yi araha, jirgin ƙasa kuma yana kai mutum daga New York cikin 'yan sa'o'i. Masu kuɗin birni suna kewar ƙauyen da suka baro, suna son ganinsa a bango. Haka aka sami sansanonin masu zane a Cos Cob da Old Lyme a Connecticut, da New Hope a Pennsylvania inda Edward Redfield da Daniel Garber suka yi suna, da gundumar Brown a Indiana wajen T. C. Steele. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan manya yana da ɗalibai, ɗaliban ma suna da nasu, ga masu zane na sha'awa da suka ci gaba da bin salon har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. To a nan matsalar take. A kan kowane zane guda na Weir ko Garber akwai tarin zane-zane masu kama da shi daga hannun mutanen da ba wanda ya san su. Wasunsu kyawawa ne ƙwarai, sun cancanci a saya a rataye, amma a farashinsu.

Abu na farko da mai saye zai karanta shi ne layin da ke saman bayanin kayan, kuma ya karanta shi kamar takardar filin da zai saya. Idan an rubuta sunan mai zanen shi kaɗai, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, gidan gwanjo yana cewa a ra'ayinsa aikin mutumin ne. Idan an sa "attributed to" a gaban sunan, ma'anarsa ana kyautata zaton nasa ne amma gidan bai tsaya a kai ba. "Circle of" na nufin wani na kusa da shi a zamaninsa. "Manner of" na nufin an kwaikwayi salonsa a wani zamani na baya, "after" kuwa kwafin wani sanannen aikinsa ne kai tsaye. "American School" na nufin ba a san mai shi ba sam. Haka batun sa hannu: "signed" daban, "bears signature" daban, domin na biyun yana gaya maka gidan yana ganin wani ne ya rubuta sunan. Kalma biyu irin waɗannan suna iya sauko da zane daga dala dubu hamsin zuwa ɗari biyar. Idan ka ga babban suna da ƙaramin ƙiyasi, ka tabbata dillalan New York da suka shekara talatin a harkar sun riga ka gani, kuma akwai dalilin da ya sa ba su yi rububinsa ba.

A duba kuma garantin gidan. Manyan gidajen gwanjo Christie's da Sotheby's suna tsayawa a kan sunan da suka rubuta a babban layin har shekara biyar, bisa sharuɗɗan da ke cikin ƙa'idojinsu. Ƙananan gidaje da yawa kwanaki kaɗan suke bayarwa, wasu kuma suna rubuta cewa kaya yadda ka gan shi haka ka saye shi. Wanda yake Kano ko Maradi, kafin akwatin ya iso masa wa'adin mayarwa ya wuce.

Daga nan sai a rubuta wa gidan a nemi rahoton lafiyar zanen. Kyauta ne, kuma a nema da kwana biyar ko mako guda kafin ranar gwanjo, domin a kwanakin ƙarshe ma'aikatan ba sa samun sukuni. Tare da rahoton a nemi hotuna takamaimai: gaba ba tare da firam ba, baya gaba ɗaya, gefuna huɗu inda aka buga ƙusa, sa hannun daga kusa, hoto da fitila a gefe yadda haske zai kwanta a kan fentin, da hoto a ƙarƙashin fitilar ultrabayolet, irin wadda ake gwada jabun kuɗi da ita a banki. Gidan da ya ƙi aiko da hoton baya, a bar masa kayansa.

Ga abin da za a nema a bayan. Ƙyallen zane na lilin da ya shekara ɗari ba ya zama fari. Yakan koma ruwan ƙasa, kuma ya fi haske a ƙarƙashin katakon da ya kare shi daga iska da ƙura. Idan launin ya zama iri ɗaya ko'ina, ko yana da alamun shafa kamar an goga ruwan shayi, a yi hattara. Katakon da aka ja ƙyallen a kai yana da 'yan ƙananan tsinkuna na katako a kusurwoyi da ake bugawa don ƙara tauri, shi ma ya kamata ya yi duhun tsufa. A zamanin su Weir da ƙananan ƙusoshi ake kama ƙyalle, kuma sukan bar tsatsa a jikinsa. Waya irin ta sitepila daga baya ta zo, wajen tsakiyar ƙarni na 20. Sau da yawa akwai tambarin mai sayar da kayan zane a jikin ƙyallen, kamar F. W. Devoe na New York ko F. Weber na Filadelfiya ko Winsor & Newton na Landan, kuma adireshin da ke tambarin yana taimaka wa masana su kintaci shekarun. Girman ma yana magana. Amurkawa da inci suke aiki, shi ya sa za ka yi ta ganin 16 da 20, 20 da 24, 25 da 30. A littafin gwanjo tsayi ake fara rubutawa kafin faɗi, kuma inci 25 da 30 daidai yake da santimita 63.5 da 76.2, ban da firam.

Takardun da aka manna a baya su ne tarihin zanen. Lambar baje koli ta Pennsylvania Academy of the Fine Arts ko National Academy of Design, ko takardar shagon Macbeth na New York, wanda ya yi aiki daga 1892 zuwa 1953, abubuwa ne da za a iya bin sawunsu, domin kundin cinikin Macbeth yana ajiye a taskar Archives of American Art ta Smithsonian a Washington, kuma an sa da yawansa a intanet. Takardar ma tana iya tona kanta. Lambar gidan waya mai alƙaluma biyar da ake rubutawa a ƙarshen adireshin Amurka a 1963 aka fara ta, saboda haka takardar da ke ɗauke da ita ba ta 1910 ba ce, ko da ta yi ja don tsufa. Mayaudara kuma sukan ɓamɓaro takarda ta gaskiya daga wani zane maras daraja su manna a nasu, shi ya sa ake gwada suna da girman da ke takardar da na zanen da ke gabanka. Idan zanen a kan allon Masonite yake, wato allon da ake yi da matsattsen zaren katako, a tuna cewa wannan allo a tsakiyar shekarun 1920 ya shigo kasuwa. Robinson ya rasu a 1896, Twachtman a 1902, Weir a 1919. Ba yadda za a yi ɗayansu ya yi fenti kai tsaye a kansa, sai dai idan ƙyalle ne wani ya manna a kan allon daga baya, wanda hoton gefe zai nuna.

Gonar da ke cikin zanen ita ma shaida ce, kuma a nan manomi ya fi ɗan birni ido. Ɗakunan ajiya na Pennsylvania galibi na dutse ne, a jingine da tudu, benensu ya zarto gaba a kan garken. Na New England, wato jihohin arewa maso gabas irin su Connecticut, na katako ne, gonakin kewaye da gajeriyar katangar duwatsu. Dogayen itatuwan turare a bayan gona California suke nunawa. Tarakta ba ta yaɗu ba sai bayan fitowar samfurin Fordson a 1917, turakun lantarki ba su kai yawancin ƙauyuka ba sai bayan 1935, manyan dunƙulen ciyawa masu kama da ganga kuwa a farkon shekarun 1970 injinsu ya fito. Zanen da aka ce na 1905 ne alhali ga irin wannan dunƙulen a filinsa, magana ta ƙare.

Idan kuɗin mai yawa ne, akwai gwajin sinadaran fenti. Farin da mutanen 1890 suka yi aiki da shi na dalma ne ko na tutiya. Farin titaniyam bai shiga hannun masu zane sosai ba sai shekarun 1920, wani shuɗi mai ƙarfi da ake kira fitalo kuma a 1935 ya fito, shekarar da Hassam ya rasu. Farin titaniyam ne ya tona asirin Wolfgang Beltracchi na Jamus, wanda kotu a Cologne ta ɗaure a 2011, bayan an sami farin a jabun zanen da ya yi, wanda aka ce na 1914 ne. Sai dai a kula: samun sabon fenti a inda aka yi gyara ba laifi ba ne, a cikin asalin shafen ne yake zama hujja. Kafin ma a kai ga wannan akwai gwaji mai araha. Gilashin ƙara girma mai ninki goma zai nuna ko hoto ne aka buga da inji a kan ƙyalle aka shafa masa wani abu mai kauri ya yi kamar aikin burushi. Na inji ɗige-ɗige ne a jere, kuma tudun shafen bai dace da siffofin da ke ƙarƙashinsa ba.

Yanzu lafiyar zanen, wadda ita ce tafi cin mutane ko da sunan na gaskiya ne. A ƙarƙashin fitilar ultrabayolet tsohon banish na ƙaro, wato man sheƙin da ake shafawa a saman fenti, yana ba da haske kore-kore, sabon fentin gyara kuma yana fitowa baƙi-baƙi. 'Yan ɗige a sararin sama ko a gefen da firam ya goga abu ne da aka saba gani a zanen da ya shekara ɗari. Amma idan rabin ɗakin ajiyar ko dukan layin itatuwan ya fito baƙi, aikin mai gyara kake saye. Idan sa hannun ya fito baƙi ƙirin kamar yana shawagi a saman banish, ko fentinsa ya cike tsagar da ke ƙarƙashinsa a maimakon ya tsage tare da ita, daga baya aka rubuta shi. Idan kuma dukan fuskar ta ba da haske iri ɗaya mai kauri kamar madara ba a ganin komai, ana iya shafa irin wannan banish da gangan don a rufe gyara.

Sai batun ƙyalle na biyu. A da, idan zane ya yage ko fentinsa ya fara tashi, masu gyara sukan manna masa sabon ƙyalle a baya da gam ko da kakin zuma haɗe da ƙaro, su bi da dutsen guga mai zafi. Wannan ya ceci zane-zane da yawa, amma ga wannan salo ɓarna ce babba, domin rayuwarsa tana cikin tudun fentin da burushi ya bari. Guga yana danne tudun, saƙar ƙyallen ta fito a fuska, kakin kuma ya ratsa ya duhunta farin shimfiɗar ƙarƙashin fenti da ke ba zanen haskensa. Hoton da aka ɗauka da fitila a gefe shi ke nuna wannan: zane mai lafiya yana da tudu da kwari, wanda aka goge ya kwanta sumul kamar leda. Ƙyalle na biyu yana kuma rufe tambari da rubutun da ke bayan na asali. Shi ya sa masu saye suke biyan ƙarin kuɗi a kan wanda ba a taɓa yi masa wannan aikin ba.

Tsaga iri biyu ce. Siririya mai kama da gizo-gizo wadda ta kwanta daidai ta tsufa ce, ba ta da illa. Wadda bakinta ya ɗaga kamar busasshen laka a fadama, ko fentin ya yi tozo kamar tanti, ita ce mai haɗari, domin fentin ya rabu da shimfiɗarsa kuma girgizar tafiya za ta zubar da shi. Inda aka yi amfani da farin tutiya da yawa an fi samun wannan, saboda yana ƙara gautsi da shekaru. Rawayar banish kuwa ita ce cuta mai sauƙin magani. Da yawa daga masu wannan salo ba sa son sheƙi, dillalai ne suka shafa daga baya, ya tsufa ya mayar da shuɗin dusar ƙanƙara kore. Ƙwararre yana iya cire shi. Wanda bai ƙware ba zai haɗa da siraran launukan sama, zaren ƙyalle ya leƙo, kuma wannan ba ya gyaruwa.

A bincika kuma kada ya zama kayan sata. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, tana da jerin zane-zanen da aka sace wanda kowa zai iya dubawa kyauta, kamfanin Art Loss Register na Landan kuma yana bincike a kan kuɗi. Ga manyan sunaye akwai kundin da masana suka tattara dukan ayyukan mutum a ciki. A tambayi gidan ko zanen yana cikin kundin, ko mai kula da kundin ya gan shi. Tsufan gida ba ya maye gurbin wannan bincike. Shagon Knoedler na New York ya shekara 165 yana ciniki kafin ya rufe a 2011 saboda jabun zane-zanen da suka bi ta hannunsa.

Mu zo kan kuɗi. Alƙaluman nan biyu da ake rubutawa ƙiyasi ne kawai, kuma sau da yawa ana sauko da shi da gangan don a tara masu tayi. A kasuwarmu mai kaya yana zaune, idan tayi bai yi masa ba ya ce albarka. A gwanjo ba ya nan, saboda haka tun farko yakan yi yarjejeniya ta sirri da gidan a kan adadin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, wanda a manyan gidaje ba ya wuce ƙaramin ƙiyasin. Ƙa'idojin gidajen sun ba mai guduma, wato mai kiran gwanjon da ke buga guduma idan an sallama, damar ya riƙa ɗaga tayi a madadin mai kaya har a kai wannan adadi, don haka jin ana ta hawa a farko ba ya nufin akwai masu so da yawa. Tayi yana hawa da kimanin kashi goma: daga dala 1,000 zuwa 2,000 ana ƙara ɗari-ɗari, daga 5,000 zuwa 10,000 ɗari biyar-biyar, daga 10,000 zuwa 20,000 dubu-dubu. Kaya ɗaya ba ya cika wuce minti guda a gaban guduma.

Abin da guduma ta faɗa a kai ba shi za ka biya ba. A ɗauka ta faɗa a dala 4,000. Gidan zai ɗora la'adar mai saye, wadda a wannan mataki yawanci tana tsakanin kashi 25 zuwa 28. A kashi 25 dala 1,000 ke nan. Idan ta shafin wani kamfani na daban ka yi tayin, irin su LiveAuctioneers ko Invaluable, sau da yawa akwai ƙarin da kan kai kashi 5, wato 200. Ka kai 5,200 zanen bai motsa daga inda yake ba. Idan a birnin New York za a karɓa hannu da hannu akwai harajin ciniki na kashi 8.875, wanda ba a cika ɗorawa ba idan kamfanin jigila ne ya fitar da kayan ƙasar waje kai tsaye. Sannan akwati, da jirgi, da inshora, da kwastan, da harajin VAT na kashi 7.5 a Najeriya, ga canjin naira da zai iya motsawa tsakanin ranar tayi da ranar biya. A ƙaramin zane jigila kaɗai tana iya kusantar kuɗin sayensa, shi ya sa ake neman farashinta a rubuce kafin gwanjo. Wanda ke tunanin riba ya yi wannan lissafi: idan zai sake sayarwa a gidan da ke cire wa mai kaya kashi 10, sai guduma ta faɗa a kusan 5,800 kafin ya mayar da 5,200 ɗinsa, wato sai farashin ya tashi da kusan kashi 45, ban da jigilar zuwa da komawa. Zanen da aka fitar kuma bai sayu ba, sakamakon yana nan a intanet kowa na gani, kuma yakan rage masa daraja na 'yan shekaru. A nan muke roƙon jaridunmu, idan za su ba da labarin an sayar da zane a kan kaza, su riƙa faɗin ko da la'ada ne ko babu.

Hanyar tayi daga nesa uku ce: a bar adadi a rubuce gidan ya yi a madadinka, ko ta waya, ko ta intanet kai tsaye. Ga wanda intanet ɗinsa ke yankewa ta farkon ta fi, kuma tana hana zuciya ta ɗebi mutum ya wuce iyakar da ya sa wa kansa. Rajista tana buƙatar fasfo da shaidar adireshi, wani lokaci da ajiyar kuɗi, don haka a yi ta da kwana biyu ko uku. Ƙarfe 10 na safe a New York ƙarfe 3 ne na rana a Najeriya da Nijar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma ƙarfe 4. Biya yawanci cikin mako guda ne, kuɗin ajiya kuma yana fara hawa idan aka daɗe ba a ɗauka ba. Kafin a tura kuɗi a kira lambar da ke shafin gidan a tabbatar da lambar asusun da baki, domin 'yan damfara suna aika takardar biya ta imel mai kama da ta gaskiya da asusu na daban.

Wajen ɗauri, kada ledar nan mai kumfa ta taɓa fuskar fenti. A cikin zafi tana barin tambarin ƙwayoyinta a jikin banish. A sa wa zanen kwali mai tauri a baya, a kare kusurwoyi, a bar tazara tsakanin fuska da murfi, sannan akwatin katako mai soso a ciki. Kada a yarda a cire shi daga katakonsa a naɗe don rage kuɗi, tsohon fenti mai kauri karyewa yake. Jirgin sama ya fi na ruwa, saboda kwantena tana yin makonni cikin zafi da gumi. Idan ya iso a bar akwatin a rufe a cikin ɗakin awa 24 kafin a buɗe.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da zai biyo baya. An yi wannan zane a ƙasa mai sanyi, kuma gidajen adana kayan tarihi suna riƙe irinsa a danshin iska na kashi 40 zuwa 60. A ƙasar Hausa, da hunturu danshin yana sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Ƙyalle da katako da gam ɗin da ke ƙarƙashin fenti kowanne yana kumbura yana motsewa a nasa gwargwado, fentin da ya shekara ɗari kuwa ya daina miƙuwa, sai ya tsage ya fara zuba. Da damina kuma fumfuna ke kama bayan ƙyallen. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kunnuwa tana mutuwa da zuwan wuta da ɗaukewarta tana ƙara wannan hawa da saukar. Maganin da ya fi dacewa shi ne firam rufaffe: gilashi ko roba mai tare hasken ultrabayolet a gaba wanda bai taɓa fentin ba, allo a baya, a toshe gefuna, a sa ƙunshin silika mai riƙe danshi da aka daidaita a kashi 50 a ciki, da ƙaramin ma'aunin danshi a ɗakin. A rataye shi da ƙugiya biyu a bangon ciki, nesa da wanda ranar yamma ke duka, nesa da taga da kicin, kuma ban da ɗakin da ake turaren wuta, domin hayaƙinsa yana da maiƙo, yana mannewa a kwarin fentin ya haɗe da ƙurar hunturu. A riƙa duba katakon baya saboda gara. Ƙura da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, shi ma sai an tabbatar babu inda fenti ya ɗaga. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu, ban da kananzir ko man goge katako. Idan wani ɓangare ya fara zuba, a sauke zanen a kwantar da shi fuska sama, a tattara ɓarɓashin a ambulan, kada a sa masa gam, a nemi ƙwararren mai gyaran zane.

Idan kafinta zai sa allon baya ko ya canza firam, a tsaya a kansa kada ya ɓamɓare tsofaffin takardun nan ko ya goge rubutun alli da fensir da ke jikin katako don ya ga sun yi datti. A ɗauki hotonsu tukuna. Wadda ta faɗo da kanta a sa ta a ambulan na leda a manna a bayan sabon allon, tare da kwafin rasit ɗin gidan gwanjo, da shafin da aka bayyana zanen, da rahoton lafiyarsa.

Wassalam.

Daga wasu masu karanta wannan jarida, ma'abota nazarin zane da adana shi.